Idon da ke auna jikin namiji: rama, ƙwanji da ƙwayoyin ƙiba

Sati biyu kafin ƙaramar salla, babu wanda ya kai tela sanin jikin samarin Maradi. Tef a wuya, alli a hannu, ya zagaya ƙirji, ya sauko ƙugu, ya faɗi lamba da ƙarfi don yaron shago ya rubuta. "Tamanin da huɗu. Kai, abokina, bara fa casa'in ne. Lafiya kuwa?" Masu jiran ɗinki su kwashe da dariya. Wani ya ce soyayya ce, wani ya ce a'a, a dai je a auna jini. Saurayin ya yi yaƙe, ya ba da kafin alƙalami, ya fita. Maganar ta wuce a wurin kowa, banda shi.

Kowane namiji ya taɓa shan irin wannan. Amma akwai waɗanda abin ya fi yi wa nauyi, kuma masu binciken lafiya sun daɗe da gane su: maza masu sha'awar maza ƴan'uwansu. Na san wani zai ja tsaki a nan. To, ɗakin duba marar lafiya ba kotu ba ne. Wanda aka kawo zuciyarsa na bugawa sau arba'in a minti, ko fuskarsa ta kumbura da deksa, ƙwayar da ake sha don ƙiba, ɗan wani ne, ƙanen wani ne, kuma sau da yawa babu wanda ya san sirrinsa a cikin masu jinyarsa. Abin da ke ƙasa zai yi wa kowane saurayi amfani, sai dai ba za a fahimci dalilin da ya sa ciwon cin abinci da damuwa da siffar jiki ya fi kama wasu ba in aka tsallake wannan magana.

Ido biyu

A 1994 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Michael Siever, ya kwatanta rukuni huɗu na ɗaliban jami'a: maza masu son mata, mata masu son maza, maza masu son maza, da mata masu son mata. Waɗanda suka fi damuwa da siffar jikinsu rukuni biyu ne, mata masu son maza da maza masu son maza. Abin da ya haɗa su a fili yake: dukansu idon namiji suke son burgewa, shi kuwa idon namiji ya fi saurin auna siffa kafin ya auna hali. A 2007 Feldman da Meyer suka bincika a birnin Niyu Yok, suka tarar cututtukan cin abinci sun fi yawa a cikin maza masu son maza fiye da sauran maza. A 2014 kuma Blashill da Safren suka duba samari ƴan makarantar sakandare a Amurka: kashi 21 cikin ɗari na masu son maza sun taɓa amfani da magungunan gina tsoka ba bisa ƙa'ida ba, sauran samarin kuwa kashi 4. Waɗannan alƙaluma na Amurka ne, a bar su can. Dalilan da ke ƙarƙashinsu su ne ke tsallake iyaka ba tare da fasfo ba.

Ido na farko ke nan, idon wanda ake so ya so ka. Na biyu ya fi shi nauyi: idon jama'ar da ake ɓoye wa. Ilan Meyer, mai binciken Niyu Yok ɗin nan, ya tsara bayaninsa a 2003, kuma duk wanda ya san zaman unguwa zai gane shi ba sai an fassara masa ba. Akwai zagi da wulaƙancin da mutum ya riga ya sha. Akwai zaman ɗar-ɗar na jiran na gaba. Akwai aikin ɓoyewa, wanda ba shi da hutun Juma'a: a lura da tafiya, a lura da murya, a lura da inda hannu ya faɗi in ana magana. Sannan akwai ƙin kai da mutum ya haɗiye tun yana yaro har ya zama nasa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma cikin da ya cika da sirri yakan rikice da tuwon ma. Wani zai ga abinci ne kaɗai abin da yake da iko a kansa, sai ya matse shi. Wani zai ga cika ciki da dare ne kaɗai ke kashe tunani na rabin awa. Sha'awar ba ita ce ciwon ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire ta daga jerin cututtuka tun 1990. Nauyin da ake ɗauka saboda ita shi ke karya mutum.

A nan rama ba ado ba ce

Wanda ya karanta littattafan Turai zai zaci duk mai wannan damuwa so yake ya rame. A Maradi lissafin ya sha bamban. Garin da ya ga yunwar 2005, wanda har gobe ake kai yara cibiyoyin tamowa, ba ya kallon rama a matsayin kyau. Rama talauci ce ko ciwo. Sunan ƙanjamau kansa daga ƙanjamewa ya fito, kamar yadda a Yuganda a shekarun 1980 aka laƙaba wa cutar sunan rama. Saboda haka namijin da dama yake tsoron a zarge shi da abu ɗaya, in ya rame ya san zargi na biyu na tafe. Kilo biyar da ya zube a wurin wani ba komai ba ne. A wurinsa tonon asiri ne.

Ga kuma ma'aunin "namiji sosai". Da, jikin da ake yi wa kirari na ɗan kokowa ne. Kantu, ɗan jihar Maradi da ya ɗauki takobi a gasar farko a Tawa a 1975, wanda filin kokowar garin ke ɗauke da sunansa, shi da ire-irensa ba a san su da ciki mai layi-layi ba. Wuya ne, cinya ce, faɗin baya ne, in da ɗan tumbi ma ba laifi. Waya ta kawo wani jikin dabam: ƙugu siriri, ƙirji a buɗe, ciki an zana shi kamar allo. TikTok da Instagram da ƴan ƙwallo suna nuna shi dare da rana, ba tare da faɗin cewa an zaɓi haske, an matse ciki, wani ma ya kwana bai sha ruwa ba kafin a ɗauki hoton. Yadda hoto ke sauya cin mutane ba zato ba ne. A wani yanki na tsibirin Fiji, inda ake yabon cikar jiki kamar mu, talabijin ya iso a 1995. Wata mai bincike, Anne Becker, ta tambayi ƴan mata ƴan makaranta a lokacin, babu wadda ta ce tana tayar wa kanta da amai don kada ta yi ƙiba. Da ta koma a 1998, fiye da ɗaya cikin goma sun ce suna yi.

Manhajojin haɗuwa irin su Grindr, da ta fito a 2009, sun ƙara wa wutar fetur. Mutum yana rubuta tsawonsa da nauyinsa da irin jikinsa kamar ragon da aka kai kara. Wasu har sukan rubuta ƙarara cewa banda masu ƙiba, banda masu yanayin mata. Kuma a wurin da nuna fuska haɗari ne, me ya rage a nuna? Ƙirji da ciki, kai a yanke. Mutum gaba ɗayansa, da iliminsa da barkwancinsa da kirkinsa, ya koma hoton da ya fara daga wuya ya tsaya a cibiya. In ba a amsa masa saƙo ba, ba shi da wani abin da zai ɗora wa laifi sai wannan yanki.

A gefe ɗaya: ɗan daudu da mai son maza ba abu ɗaya ba ne. Daudu magana ce ta salo da lafazi da sana'a, musamman girki da sayar da abinci, kuma tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Amma a fada, wurin shan shayi, kalmar bulala ce. Yaro mai sanyin murya da aka fara kira da ita tun yana ɗan shekara goma sha biyu, in ka gan shi a ashirin yana ɗaga ƙarfe safe da yamma, ba lallai ado yake nema ba. Garkuwa yake ƙerawa. Umarni uku ke kansa lokaci guda: kada ka rame, kada ka yi tumbi, ka yi ƙwanji. Abinci shi kaɗai ba ya cika su a wata ɗaya. Shi ya sa ake komawa wurin mai ƙwaya.

Abin da ke cikin ledar

Mai tallan magani ya jingine kekensa, ya buɗe daro, ya ƙirga ƙananan ƙwayoyi a leda. "Ranka ya daɗe, wannan sha-ka-fashe ne. Sati biyu, matarka ma ba za ta gane ka ba." Mafi yawan abin da ake haɗawa da sunan maganin ƙiba abu biyu ne, kuma ya kamata a san su da sunansu.

Na farko siproheptadin, wanda ke cikin Super Apeti da Apetamin. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Yana buɗe ciki da gaske, yana kuma kawo barci da jiri da bushewar baki. Ɗan kabu-kabu ko mai aiki da injin niƙa da ke shan sa yana wasa da ransa. An kuma samu waɗanda ya taɓa wa hanta. Ƙibar da yake kawowa kitse ce, don ci kawai ya ƙara.

Na biyu, deksametazon, shi ne mugun. Magani ne mai daraja a hannun likita, ga kumburi da asma mai tsanani da wasu cututtuka. Ƙarfinsa ba na wasa ba ne: miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 5 na firednisolon. Abin da yake yi wa lafiyayye shi ne ya riƙe ruwa da gishiri a jiki, ya tara kitse a kumatu da ƙeya da ciki, sannan ya narkar da tsokar cinya da damtse. A sati na biyu jama'a za su fara cewa "ka murje", wannan yabon kuma shi ne tarkon. A wata na uku fuska ta zama kamar faranti, ƙafafu sun sirance, fatar ciki ta tsage da jajayen layuka, ƙuraje sun feso, hawa bene ya zama aiki. A ɓoye kuma sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi na yin laushi, gyambon ciki na iya fashewa, garkuwar jiki ta faɗi har tarin fuka da ke kwance ya farka. Ga mai ɗauke da ƙwayar sida, wato ƙanjamau, wannan ninki biyu ne. Samari da yawa suna jin an ce "sitiroyid" sai su ɗauka irin na masu ɗaga ƙarfe ne. Ba shi ba ne. Wannan rushe tsoka yake yi.

Kuskuren da ya fi kisa ba a farawa yake ba, a tsayawa yake. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar halitta da ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe da hawan jini da sukari. In mutum ya sha deksa kullum fiye da sati uku, sai ta kwanta barci don ta ga ana kawo mata daga waje. Ranar da ya tsorata ya watsar da ledar gaba ɗaya, jiki ba shi da na kansa: kasala mai tsanani, amai, ciwon ciki, jiri, jini ya faɗi, wani ya suma, musamman in zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da shi a lokacin. Don haka tsarin shi ne: kada a yanke rana ɗaya. A ɗauki ledar ko kwalin a kai wa likita, a faɗi gaskiyar ƙwaya nawa a rana da tun yaushe. A auna jini da sukari. Likita zai riƙa rage yawan a hankali cikin makonni, wani lokaci watanni. Kumatun za su saɓe, mutane za su sake cewa "ka rame". A shirya wa wannan magana tun kafin ta zo, don a nan ne yawanci ake komawa.

Na masu ɗaga ƙarfe kuwa, irin su testosteron da nandrolon da Dianabol, su suna gina tsoka, ba ƙarya. Kuɗin da ake biya: ƴaƴan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta yi wuya, nono ya fito wa namiji kuma sau da yawa ba ya komawa sai da tiyata, kitsen jini ya lalace, zuciya ta yi kauri, fushi ya yi kusa. Na haɗiya sun fi cin hanta. In aka daina, jiki kan ɗauki watanni kafin ya dawo da nasa, a tsakani kuma ga mutuwar sha'awa da baƙin ciki. Allurar da mutum biyu suka yi tarayya a kanta a bayan wurin motsa jiki kuwa hanya ce ta sida da ciwon hanta nau'in B da C. Tun 1997 wani likita a Amurka, Harrison Pope, da abokan aikinsa suka raɗa wa ciwon da ke jawo wannan suna "muscle dysmorphia": mutum ƙato ya tsaya gaban madubi ya ga kansa ɗan firit. Alamarsa ba girman damtse ba ce. Ita ce ya ƙi zuwa ɗaurin aure don kada ya rasa atisayen ranar, ya ci gaba da ɗagawa kafaɗa na ciwo, ya sa babbar riga cikin zafin watan Afrilu don kada a ga "ƙanƙantarsa".

Ɗaya hanyar: matsewa, ɓarkewa, fitarwa

Wanda tumbi ne damuwarsa yakan bi ta nan. Ya tsallake karin kumallo, rana ya sha shayi ba sukari, ya ce yana "rejim", wato rage ci don ya rame. Ƙarfe goma na dare yunwa ta ci ƙarfinsa: indomi biyu da ƙwai, burodi guda, tsire, lemon kwalba, a tsaye, cikin sauri, shi kaɗai. Sai kunya. Sai yatsa a maƙogwaro, ko filasko, ko shayin rage tumbi, ko ƙwayar sa fitsari, Lasilix. Gobe ya ƙara matsewa don ya biya bashin jiya.

Ba rashin tarbiyya ba ne, kuma an gwada. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minisota, Ancel Keys ya ɗauki maza 36 lafiyayyu, ya rage musu abinci zuwa kusan rabi har sati 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin mamakin a kansu ya faru: ba su da zance sai na abinci, wasu suka koma tara littattafan girki, fushi ya yawaita, sha'awa ta mutu, da aka sake su kuma wasu suka riƙa ci har su rasa inda za su sa kansu. Yunwa ce ke haifar da ɓarkewa. Duk wanda ya ce zai magance cin dare da ƙarin matsewa da rana, yana kashe gobara ne da kananzir.

Fitarwar ma ba ta biyan buƙata. Amai ba ya dawo da ko rabin abin da aka ci a babban zama. Filasko da sauran masu sa zawo a babban hanji suke aiki, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse abincin. Abin da ke zuba ruwa ne, ƙarfin abincin da ake asara kusan kashi goma cikin ɗari ne kawai. Lasilix fitsari kawai yake sawa. Sikeli zai nuna an ragu da kilo ɗaya, gobe jiki ya rama har ƙafa ta kumbura, mutum ya ce ƙiba ce ya ƙara ƙwaya. Abin da ke tafiya da gaske shi ne sinadarin fotasiyam, wanda ya kamata ya zauna tsakanin 3.5 da 5 a gwajin jini. In ya faɗi, zuciya na iya rikicewa ta tsaya, ko da mutumin a ido ƙato ne. A garin da zafi ke wuce digiri arba'in, ga gumi, haɗarin ya fi kusa.

Azumi yana ba wannan ciwo mafaka mai kyau. Babu mai tuhumar saurayin da ya lizimci Litinin da Alhamis. Tambayar da za ta raba ibada da ciwo ita ce: da ya sha ruwa, yana cin abinci kamar kowa, ko kuwa dabino uku ne sai gobe? In an ce masa ya huta yau saboda jikinsa, natsuwa yake yi ko firgita? Marar lafiya yana da rangwame a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, kuma malamin da ya san haka yana iya yin abin da likita ya kasa.

Yadda ake ganewa, da yadda ake tambaya

A gidan da ake cin tire ɗaya, uwa ko yaya sukan riga kowa gani. Yana tsakurar gefensa, yana tura nama gaban ƙane. Shi ne farkon wanke hannu. Kullum "na ci a waje". Yana tashi zuwa bayi da an gama, a ji ruwa na zuba. Gefen muƙamuƙinsa ƙasan kunne ya kumbura, haƙoran gaba sun fara zaizayewa ta ciki, akwai kanta a bayan yatsunsa inda haƙori ke gurza.

Amma kafin a ce ciwon tunani ne, a Maradi dole a kawar da na jiki: tarin fuka, sida, ciwon sukari, tsutsar ciki, da maƙoƙon da ke aiki fiye da kima. Bambancin da ke taimakawa: mai tarin fuka ramar tana damunsa, yana so ya dawo. Mai wannan ciwo ramar tana faranta masa, ko kuma dawowar ce ke ba shi tsoro. Wanda ke shan maganin sida kuma ya sani cewa tsohon maganin da ke zurma kumatu, stabudin, an daɗe da janye shi. Na yanzu mai dolutegrabir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019, wasu yana ƙara musu nauyi. Ko rama ko ƙiba, ba a ajiye shi don madubi. A kai ƙorafin wurin mai ba da shi.

Lissafin nauyi ba wuya: kilo a raba da tsawo sau tsawo a mita. Mai tsawon 1.75 da kilo 55, 55 a raba da 3.06, ya ba da kusan 18. Ƙasa da 18.5 rama ce. Mai kilo 65 a wannan tsawon yana kan 21, lafiya lau, ko me fada ta ce. Tef ɗin tela ma ya isa a gane tumbin da ke da haɗari: ƙugu, a kan cibiya, kada ya kai rabin tsawo. Mai santimita 175, ƙasa da 87. Sai dai lamba ba ta gano mai amai ko mai allura, don su nauyinsu daidai yake.

Likitoci a asibitin St George's na Landan sun fitar da tambayoyi biyar a 1999. Kana sa kanka amai don ka ji ka cika da yawa? Kana jin cin abinci ya fi ƙarfinka, ba ka iya tsayawa? Ka zubar da fiye da kilo shida cikin wata uku? Kana ganin kanka da ƙiba alhali mutane na cewa ka rame? Za ka ce tunanin abinci ya mamaye rayuwarka? E biyu sun isa a zurfafa bincike. Ga namiji a nan, ina ganin sai an ƙara biyu: me kake sha ko kake yi wa kanka allura don jikinka ya sauya, kuma yaya kake ji ranar da ba ka motsa jiki ba?

A lura babu tambayar "wa kake nema" a ciki. Ba a buƙatarta don a fara magani. A fitar da ɗan rakiya waje da ladabi: "Yaya, ɗan ba mu wuri, zan auna shi." A ce masa, "Ɗan'uwa, abin da ka faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya," kuma ya tsaya ɗin. A tambaye shi, "Idon wa kake ji a kanka in ka tsaya gaban madubi?" In ya buɗe, a saurara. In bai buɗe ba, a bar shi. Kalmar zagi ɗaya daga bakin ma'aikacin lafiya, ko raha da abokin aiki a baranda, ta isa ya koma wurin mai daro, wanda ba ya tambayar komai.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: suma, bugun zuciya ƙasa da 40 a minti ko mai tsalle-tsalle, jini a amai, zubar fiye da kilo ɗaya kowane sati a jere, lissafin nauyi ƙasa da 15, maganar kashe kai. Gwaji mai sauƙi: ya tsuguna ya miƙe ba tare da dafa gwiwa ko bango ba. In ya kasa, a je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a nemi takardar zuwa babban asibiti. Kuma kada dangi su ce za su "cika shi" da fura da shinkafa a gida. Jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka danna masa abinci kwatsam, sinadaran fosfet da fotasiyam da magniziyam sukan faɗi a kwanakin farko, zuciya ta gaza. A asibiti ana farawa da kaɗan, a ba da bitamin B1 tun kafin abincin, a riƙa duba jini.

Kwanon da ya isa

Ga wanda bai kai nan ba, matakin farko a tsarin magani da likita Christopher Fairburn ya gina a Jami'ar Oksfod shi ne cin abinci a kan lokaci: manya uku, ƙanana biyu ko uku, kada tazara ta wuce awa huɗu, ko da yunwa ko babu. A rubuta lokutan tun daren jiya. In an ɓarke, ba a biyan bashi; abinci na gaba yana nan a lokacinsa. Sikeli sau ɗaya a sati, rana ɗaya, da safe. Wanda amai ya kuɓuce masa, kada ya yi asuwaki ko buroshi nan take, don tsamin ciki ya tausasa haƙori. Ya kurkure da ruwa, ya jira awa guda, ya sha ruwan gishiri da sukari na leda, leda ɗaya a lita ɗaya. Filasko in aka daina, ciki zai ɗaure, ƙafa ta ɗan kumbura na sati ɗaya ko biyu. Zai wuce.

Mai neman ƙwanji ba ya buƙatar gwangwanin hoda mai tsada. Abin da tsoka ke iya amfani da shi na furotin kusan giram 1.6 ne a kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 65, kusan giram 104. Ƙwai biyu, 12. Dafaffen wake giram 250, kusan 19. Nono rabin lita, 16. Gujiya cikin tafi, wato gyaɗa inji mutanen Kano, 8. Gasasshen nama giram 100, kusan 26. Hatsin da ke cikin tuwo da fura na yini, in ya kai giram 250, kusan 27. An wuce ɗari ke nan. Ranar da babu nama, awara da ƙuli-ƙuli da soyayyar fara suna cike gurbin. Mai son ƙara nauyi ya ɗora kalori 300 zuwa 500 a kan cinsa na kullum: tafin gujiya ɗaya, kofin madara, cokalin mai a kwaɗon zogale, an kai. Abin da za a gani kwata zuwa rabin kilo ne a sati. Tsoka zalla kuwa, ko ga sabon shiga mai ƙwazo, da wuya ta wuce kilo ɗaya a wata. Duk wanda ya sauya kamanni cikin sati shida, ba wake ya ci ba. Atisaye kwana uku ko huɗu a sati ya isa, kuma a bar kowace gaɓa ta huta kwana biyu kafin a sake matsa mata.

Sauran aikin a waya yake. A buɗe jerin waɗanda ake bi, duk wanda in an kalli hotonsa hannu ke zuwa kan ciki, a cire shi. Manhajar haɗuwa a goge ta na sati biyu, a rubuta a takarda sau nawa aka tsallake abinci ko aka ɓarke kafin da bayan. Madubi a mayar da shi na aski da gyaran hula. Kuma a samu mutum ɗaya, aboki ko yaya ko ma'aikacin lafiya, da za a riƙa cin abincin dare tare da shi, a zauna a yi hira minti arba'in bayan an wanke hannu, don ƙaiƙayin tashi zuwa bayi yakan hau ya sauka da kansa in aka ba shi wannan lokacin.